Kabari a Gindin Dutsen Ƙanƙara

Ni dai Allah ya yi ni da baki. Shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa, daga Zariya har zuwa Doha, sun bar mini wani hali: ba na iya jin an yi kuskure a gabana in haɗiye. In mutum ya ce kogi kaza ya bi ta gari kaza alhali bai bi ba, to ko a wurin ɗaurin aure muke sai na gyara masa. Matata ta yi magana har ta gaji. "Malam, ba a aji kake ba," ita ce maganar da na fi ji a gidana in ka cire sallama.

A lokacin muna zaune a unguwar Madinat Khalifa ta Doha, a hawa na biyu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Hausawa biyar ko shida kan taru a falona mu ci abinci. Cikinsu akwai wani dattijo ɗan Zangon Takoradi ta ƙasar Gana, mai dafa abinci a kantin ma'aikatan wani kamfani. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Alhaji muke ce masa. Shi ke zuwa da tukunyar shinkafa da wake irin tasu, da baƙin yajin nan mai kifi da ke sa mutum hawaye yana ƙara loma. Ina tsokanarsa cewa Hausarsa ta sha ruwan gishiri, shi kuma ya ce tawa ta sha alli. Na san ya yi aikin jirgin ruwa da ƙuruciyarsa. Bai taɓa zurfafa maganar ba, ni kuma da yake na fi son a saurare ni, ban taɓa tambaya ba.

Ran nan aka zo mana da baƙo, wani likita daga Sakkwato, satinsa ɗaya a ƙasar. Muna cikin ci ya ba mu labarin abin kunyar da ya yi: kwana biyu cur yana salla a masaukinsa yana kallon inda rana ke fitowa, kamar yadda ya saba a gida, sai da mai gyaran ɗaki ya nuna masa kibiyar da aka manna a silin. Falo ya kaure da dariya, don kusan kowannenmu ya yi wannan. A gida gabas muke kallo tun muna yara. A Doha kuwa mun riga mun wuce Makka, sai dai a juyo yamma.

Ni kuma an taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na tsame hannu daga abinci, na wanke, na ɗauko ƙwallon taswirar duniya da ke kan kabad, na ce matata ta miƙo mini zare. Daga kicin na ji ta ce, "To, an shiga aji." Ban kula ta ba. Na riƙa ɗora bakin zaren a kan gari, in ja shi zuwa Makka, ina nuna musu yadda alƙibla ke sauyawa: daga Kano nan, daga Landan nan, daga Jakarta nan.

Sai Alhaji ya ajiye cokali ya taso. Ya karkata ƙwallon har ƙasanta ya dawo sama, ya daɗe yana lalube da yatsa a cikin shuɗin teku, sannan ya tsaya a kan wani ɗigo fari, ƙarami kamar ƙwayar gero, can ƙasan Tekun Indiya kusa da yankin ƙanƙara na kudu.

Ya ce, "Daga nan fa, Malam?"

Kai! Daɗi ya kashe ni. Wannan tsibirin nawa ne, duk shekara sai na koyar da shi, na karanta duk abin da hannuna ya kai a kansa. Maimakon in amsa tambayar mutum, sai na buɗe littafi. Na ce musu babu mai zama a can, babu ko itace ɗaya. Kusan dukan tsibirin dutse ɗaya ne ƙato da ya taso daga teku, ƙanƙara ta lulluɓe shi daga kai har gindi, alhali cikinsa wuta ce, wani lokaci har hayaƙi yake fitarwa ta ƙoli. Ƙanƙarar ba a tsaye take ba, gangarowa take yi a hankali kamar kunu mai kauri, har ta iso bakin teku ta karye ta faɗa. Na ce matuƙan da suka fara hango shi ba su ma yarda ƙasa ce ba, sun ɗauka tsaunin ƙanƙara ne mai yawo a ruwa. Bayansu mafarauta suka zo, suna yanka wasu manyan dabbobin teku masu kitse, suna narka kitsen a tukwanen ƙarfe su tara mai. Sai da suka kusa ƙarar da dabbobin sannan suka tafi, suka bar tukwanen da kaburburan 'yan'uwansu.

Alhaji ya ce a hankali, "Tukwanen suna nan. Sun yi tsatsa."

Na ce, "Ƙwarai, haka aka rubuta," na wuce. Wallahi har yau in na tuna wannan wurin sai na ji kamar in mari kaina. Mutum ya gaya mini tukwane sun yi tsatsa, ni kuma na ba shi maki na ci gaba. Na shiga labarin masu bincike, yadda gajimare ke ɓoye dutsen kwana da kwanaki har mutum ya zo ya koma bai ga ƙolinsa ba, yadda aka yi ta yunƙurin hawansa iska tana koro mutane kafin wasu 'yan tsiraru su taka samansa, yadda kowane kwarin ƙanƙara aka laƙaba masa sunan wani Bature. Sai da na ƙoshi sannan na ɗora zaren a kan ɗigon na ja shi zuwa Makka.

Na ce, "Ka gani? Arewa ce, har da karkatawa yamma. Wanda ya kalli gabas a nan, sallarsa Ostareliya ta nufa. In kuwa mafitar rana ya bi, to ya gama, don lokacin da jirage ke zuwa can rana daga kudu maso gabas take ɓullowa. Wannan ya ba Ka'aba baya sak."

Likita ya yi dariya, ni ma na yi. Alhaji bai yi ba. Yatsansa ya zame daga kan ƙwallon, ya ja baya taku ɗaya, ya zauna a ƙasa daɓas, ba a kan kujera ba, a kan tayil. Na zata jiri ne, har likita ya yunƙura.

Ya ce, "A can na binne ƙanena."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zaren yana hannuna, na kasa sakinsa na kasa naɗe shi. Matata ta fito ta tsaya a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu.

Bai ɗago kai ba ya ba mu labarin, kuma bai ja shi ba. Su biyu ne a wurin uwarsu, tabarma ɗaya suka tashi a kai. Ƙanen irin masu mugun kwanciya ne, a kwanta kai da kai a wayi gari ƙafarsa na kan wuyanka. Ko a jirgi sai da Alhaji ya ba shi gadon ƙasa, don sau biyu yana faɗowa daga na sama. Jirgin kamun kifi ne, Alhaji na kicin, ƙanen na wajen igiyoyi. Suna can cikin wannan tekun ciwon ciki ya kama ƙanen, kwana huɗu ya cika. Kyaftin ya ce abu biyu ne: ko a sa shi a ɗakin sanyi tare da kifi har a koma tasha bayan watanni, ko a sauke shi a ruwa. Alhaji ya ce ya durƙusa a gaban mutumin nan ya riƙe ƙafarsa, ya ce ga ƙasa can ana gani. Da iska ta ɗan lafa aka ba shi ƙaramin kwalekwale da mutum biyu da awa biyu. Shi ya yi masa wanka, ya yi likkafani da zanen gado, ya yi masa salla shi kaɗai don mutum biyun ba Musulmi ba ne, amma sun taya shi haƙa. Baƙin yashi ne da tsakuwa. Suka jera duwatsu a kai saboda tsuntsaye.

Ya ce, "Da na koma gida, tsohuwa ba ta tambaye ni ciwon ba, ba ta tambaye ni kayansa ba. Abu ɗaya ya tambaya." Haka yake magana, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, ranar kuwa ko a zuci ban gyara ba. "Ya ce, ka juya fuskarsa alƙibla? Na ce na juya. Ya ce rantse. Na rantse da Allah."

Ya ce a tunaninsa tsibirin yana ƙasan Afirka ne, daidai saitin gida, tunda daga can suka taso, babu wanda ya taɓa nuna wa mai girki taswira. Sai da ya zo Doha ya ga ana kallon yamma sannan shakka ta shige shi. Shekara da shekaru yana ganin ƙwallon nan a kan kabad ɗina yana tsoron tambaya. Ya miƙe, ya nemi takalmansa, ya yi mana sallama. Ko tukunyarsa bai ɗauka ba.

Da kowa ya watse matata ta kwashe kwanuka ta wuce kicin, ko dubana ba ta yi ba. Na gwammace ta yi faɗa.

Juma'ar da ta biyo Alhaji bai zo ba. Na kira bai ɗaga ba. Na tura masa saƙo cewa na tambayi masana, sun ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure babu laifi a kansa. Sai washegari ya amsa da murya, a gajiye. Ya ce, "Na sani, Malam. Ba zunubi nake tsoro ba. Na rantse wa tsohuwa, kuma tana raye, kullum da wannan take kwantar da ranta. Ƙarshen wata zan tafi hutu. Zan gaya mata, khalas, shi ke nan."

Hankalina ya tashi. Tsohuwa mai shekaru kusan casa'in, a je a ce mata ɗanta yana kwance a ƙarshen duniya ya ba Ka'aba baya, kuma ni ne sanadi, ni da zarena. Na yi tunanin in ce masa na yi kuskure a lissafi. Amma na san shi, kuma na san kaina: ƙarya a kan taswira ba ta zama a bakina, zai gani a fuskata.

Saura kwana biyar ya tafi, ina aji ina koya wa ɗalibai amfani da kamfas. Na zana kibiya biyu a allo, na ce, "Wannan arewa ta gaskiya, wannan kuma inda allura ke nunawa. Ba ɗaya ba ne. Allura maganaɗisun ƙasa take bi. A nan bambancin kaɗan ne, amma akwai wuraren da..." Sai na tuna farin ɗigon nan. Ɗalibai suna kallona, ni ina kallon allo. Na ce su karanta shafi na gaba, na fita kamar an koro ni.

A ofis na buɗo taswirar da ke nuna karkatar allura a duniya, na nemo wannan ɗigon. Tabɗi! Na cire tabarau na goge na mayar. A wannan yankin allura ba ɗan kaucewa take yi ba, wani irin juyawa take yi zuwa yamma, har ta fi kusa da yamma a kan arewa. Na nemo tsofaffin taswirori na shekarun da yake aikin jirgi, kusan haka suke. Ma'ana, duk wanda ya riƙe kamfas a can ya nemi gabas, to allura za ta yaudare shi ta kai shi wajen arewa. Ni da ke koyar da wannan duk shekara, na tsaya a falona na yanke wa mamaci hukunci ban tuna ba. Amma duk wannan bai da amfani in rana Alhaji ya bi. Komai ya rataya a kan abin da ya yi amfani da shi ranar, kuma ban tambaye shi ba.

Ranar Asabar da la'asar na hau jirgin ƙasa na metro, na sauya layi a Mushairib, na sauka Wakra, na ɗauki tasi zuwa Wukair inda yake zaune. Duk hanya ina yi wa kaina gargaɗi: tambaya ɗaya, kada ka yi lacca. Na same shi a ɗakinsa, akwati a buɗe a kan gado, ga dabino, ga turare, ga baƙar abaya ta tsohuwa a cikin leda. Ya rame. Ya haɗa mini shayin karak mai madara a kan ƙaramin risho, muka gaisa kamar baƙin juna.

Na ce, "Alhaji, don girman Allah tambaya ɗaya na zo da ita. Ranar da ka binne shi, da me ka gane gabas? Da rana, ko da kamfas?"

Ya dube ni. Ya ce, "Wanne ne mai kyau?"

Na buɗe baki, ka san hali. Ya ɗaga hannu da sauri har shayinsa ya zube.

"A'a! Kada ka faɗa. In ka faɗa, zuciyata za ta zaɓa mini. Bari in faɗi nawa tukuna."

Na rufe bakina. Ya rufe ido ya daɗe.

Ya ce, "Babu rana. Tun da muka iso wurin ban ga rana ba. Dutsen ma da kake ba da labari ban gan shi ba, gindinsa kawai na gani, fari, ya shige cikin hazo."

Ya tashi ya ɗaga kayan akwatin, daga can ƙasa ya zaro wata tsohuwar darduma, korenta ya koɗe, irin wadda alhazai ke kawowa tsaraba, mai ɗan kamfas na roba a ɗinke a wajen goshi. Ta ƙanen ce, kawunsu ya kawo masa. Ya ce tana zuwa da ɗan littafi, kowane gari da lambarsa, ka juya dardumar har allura ta hau lambar garinka. Ya duba littafin daga farko har ƙarshe a bakin kabarin, sanyi na cin sa, babu tsibirin. Sai ya sa lambar Ankara, babban birnin Gana, ta gida.

"Allurar ma wahala ta ba ni," in ji shi. "Sai ta riƙa sunkuyar da kai tana maƙalewa, ta ƙi juyawa. Sai da na karkata dardumar a hannuna sannan ta saki."

Wannan ba abin da mutum zai ƙirƙira ba ne. Kamfas ɗin da aka yi don ƙasashenmu, in aka kai shi can ƙarshen kudu haka yake yi, bakin allurar ɗaya ya nutse ƙasa. Ni a littafi na sani, shi ya riƙe a hannu.

Na sauko ƙasa na durƙusa, da rigar aikina da komai. Na ce ya ba ni cokula uku. Na ajiye na farko a kan tayil na ce, "Nan ce alƙibla daga can." Na ajiye na biyu can nesa da shi ta dama. "Nan ka zata ka juya shi, kuma da nan ɗin ne, da maganata ta ranar nan ta tabbata." Na ɗauki na uku na ajiye shi a tsakaninsu, ya fi kusa da na farko sosai. "Nan yake. Kai ka kuskure ka ja shi dama, allura ta kuskure ta dawo da shi hagu. Arewa yake kallo, Alhaji. Ɓangaren Makka yake kallo."

Ya durƙuso kusa da ni, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya daɗe yana kallon cokulan.

"Malam, kada ka yi mini daɗin baki."

"Ni? Ni da daɗin baki? Da ina da shi ai da ba mu zo nan ba. Wallahi tallahi ba baya ya ba ta ba. Ka kai wa duk wanda ya san aikin nan ya duba."

"Rantsuwata fa?"

"Tana nan daram. Wanda yake nesa, ɓangaren ake nema gare shi, kuma yana ciki."

Ya sa yatsa a tsakanin cokali na farko da na uku, inda tazara ta rage. Ya ce, "Amma bai hau daidai ba."

Nan ne na so in ce ya hau. Na kasa. Na ce, "Bai hau daidai ba. Akwai saura, kamar haka," na buɗe tafin hannuna a tsakanin cokulan biyu.

Ya kalli hannuna, ya kalli dardumar. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi, na zata kuka ne, ashe dariya ce take fita a hankali, hawaye kuma na bin gemunsa.

Ya ce, "Wannan ɗan abin? Bar masa. Yaron nan tun muna kan tabarma ɗaya bai taɓa wayar gari yadda aka kwantar da shi ba."

Ya kifa fuskarsa a cikin dardumar, dariyar ta koma abin da na zata tun farko. Ni kuwa na zauna a kan tayil ɗin kusa da shi, ban gyara masa ba.